Garuruwa Bakwai a Teburin Illo Mai Shayi

Ba zan taɓa mantawa da aikin taswirar nan ba, kuma ba don daɗinsa ba. Aiki ne mai wuya, ba sai na yi masa ado ba. Bazara ce, rana kamar a soya ƙwai a kan tankin moto, yashi ya yi laushi taya sai nutsewa take, ga ciwon baya, ga wata waya a aljihu da ban san halinta ba. Na kusa shekara ashirin ina kabu-kabu tsakanin Dungas da ƙauyukan da ke kewaye da ita. Na ɗauki mai naƙuda, na ɗauki rago, na ɗauki buhun gyaɗa biyu da mai su zaune a kai. Amma ban taɓa ɗaukar kayan da ya tona mini asiri irin ƴar wayar nan ba.

Ga yadda abin ya faro. Meri, wato ofishin magajin gari, ta nemi mutum huɗu da suka san daji, aka kira ni na farko (wannan ba yabon kai ba ne, kowa a tasha zai gaya muku). Wadda aka ɗora wa aikin wata ma'aikaciyar meri ce, Madam Zuwaira, mace mai magana a hankali wadda ba ta maimaita abu sai in yana da nauyi. Ta ce daminar da ta wuce an kira motar likita zuwa wani ƙauye, direban baƙo ne, ƙauyuka biyu kuma sunansu ɗaya. Ya tafi wanda ba shi ba, da ya juyo ya kafe a kwari, sai da amalanken shanu aka fito da mara lafiyar. Don haka yanzu ana son taswira guda wadda kowane gari zai shiga, da rijiyarsa, da lakwal ɗinsa (makaranta ke nan), da hanyarsa ta rani da ta damina, da inda ruwa ke yanke hanya.

"Taswirar ɗaya ce," in ji ta, "amma idanun da ke kanta da yawa. Mu a meri muna gani, majo shugaban likita, wato asibitinmu, yana gani, ma'aikatan ruwa suna gani, na Magariya suna gani, har Damagaram. Abin da ka sa, kowa ya gan shi."

Sai na buga goshina da yatsa na ce, "Madam, ai taswirar tana nan."

Ta dafa kwamfutarta ta ce, "Na sani, Malam. Sai dai kanka ba ya shiga ordinatar."

Aka ba kowannenmu waya, kwana biyu aka yi ana koya mana. Ni aji huɗu na yi a lakwal aka cire ni zuwa gona, amma abin bai gagare ni ba. Ka buɗe, ka zaɓi hoto (rijiya ɗigon ruwa ce, lakwal littafi ne), ka rubuta suna, ka danna kore. In hanya ce kuma, ka kunna wani maɓalli lokacin da za ka tashi, ka kashe in ka isa. Abu ɗaya ne Madam ta faɗa har sau uku: "Sai kana tsaye a wurin za ka danna." Na ji, ba zan ce ban ji ba. Sai dai na ɗauke shi irin maganar mushe ce, malamin lakwal, kamar a wanke hannu kafin a ci tuwo. A ganina, ana son ka tsaya ne don ka tabbatar rijiyar tana nan. To ni na san tana nan, na sha ruwanta ya fi a ƙirga. Na zaci ni ke gaya wa waya inda gari yake. Ashe ita ma tana da nata sanin, ba ruwanta da abin da bakinka ya ce, inda ƙafarka take shi take rubutawa.

Gari goma sha shida aka ba ni. Tara na farko na yi su tsakani da Allah, kuma ina so a rubuta mini wannan. Na je, na tsaya, na ɗaga waya sama kamar mai neman rezo, wato sabis, mata a bakin rijiya suna tambayata ko foraj, rijiyar burtsatse, aka kawo musu, wani tsoho ya hana ni tafiya sai na ɗauki hoton jakinsa. Na bi hanyar rani na dawo ta hanyar damina. In na iso gida sai uwar yara ta taka mini baya kafin in iya miƙewa.

Na goma a takardar shi ne Tsamiyar Kwari.

To, a nan ne ƴata ta fari take aure. Ba zan faɗi sunanta ba, ban taɓa faɗa ba tun da aka raɗa mata shi, kuma ba a takarda zan fara ba. Ɗan Malam Habu, maigarin, shi take aure, shekara huɗu ke nan, kuma a shekarun nan huɗu ƙafata ba ta taka cikin garin ba. In na ɗauko fasinja, a gindin tsamiyar bakin gari nake sauke shi in juya. Haka na ga ubana ya yi da yayata. Ga shi kuma uwar yara ta riga ta gaya mini a kaikaice, tana tankaɗe ba ta dube ni ba, wai mutanen Tsamiyar Kwari za su yi baƙo tsakiyar damina. Haihuwarta ta fari a gidanmu ta yi, an sha wuya ƙwarai, har majo ya ce in an sake kada a tsaya jiran gida, a kira mota tun da wuri. Wannan ta biyu kuwa a ɗakinta za ta yi.

Ku duba mini. In shiga garin surukai, in tsaya tsakiyar fili ina ɗaga waya kamar mai tallar magani. A aika ciki a ce ga babanki. Ta fito da nauyinta ta durƙusa. A kawo fura, in sha a ce ba ni da kunya, in ƙi a ce na raina su. Gobe a kasuwa a ce ai wane ɗokin jika ne ya kai shi, taswira hujja ce kawai. Kwana biyu ina juya abin nan a raina.

Rana ta uku ina zaune a teburin Illo mai shayi, a tasha, inda nake karyawa kullum, sai na ce wai me ma zai kai ni? Na fiddo waya. Tsamiyar Kwari: rijiya biyu, ɗaya ruwanta da kanwa-kanwa. Lakwal mai aji uku, ɗaya na zana. Na danna kore. Waya ta karɓa, ko tari ba ta yi ba.

Illo ya ce, "Dattijo, yau ba fita?"

Na ce, "Ina Tsamiyar Kwari yanzu haka."

Ya ce, "To Allah ya dawo da kai lafiya. A ƙara sukari?"

Saura hanya. Nan ma na yi dabara (ku ji dabarar jahili). Na ce ai lokaci take ƙirgawa, kuma hanyar damina ta Tsamiyar Kwari minti arba'in ce a moto. Na rubuta sunan hanyar, na kunna maɓallin, na jefa waya aljihu. Na je na sayo ƙosai, na zaga bayan katanga na yi abin da mai shan shayi kofi uku yake yi, na dawo na zauna. Da minti arba'in ta cika na kashe.

Da a nan na tsaya, da sai in ce al'ada ce ta ja mini. Amma sauran gari shidan su ne mafi nisa, can wajen iyaka, kuma ba ni da ƴa a ko ɗaya. Baya dai ya ce yana ciwo, iska mai zafi ta taso, benci kuma yana da inuwa. Safiya biyu na gama da su duka. Na riga sauran ukun gamawa da kwana biyar, har ina ce musu yaran zamani ba su da juriya.

Madam ta ce kowane mako mu zo buro, wato ofishinta, a zuba abin da muka tara a babbar taswira. Ranar da ta sa ta faɗo ranar kasuwa, ɗan kabu-kabu kuwa ba ya barin kasuwa don ya je ya zauna a benci. Saboda haka ban kai tawa ba sai safiyar babban taro. Ta harare ni kaɗan, ta jona wayar da ordinatar, ta tafi tarbar baƙi.

Zauren meri ya cika. Magajin gari a gaba, majo a gefensa, wakilin farfe shugaban yanki, sai masu gari layi-layi da rawunansu, Malam Habu a layin farko da carbinsa. Mu huɗu aka ba mu kujeru a gefe inda kowa zai gan mu. Na sa rigata ta Juma'a. Aka rufe tagogi, aka haska taswirar a bango.

Gaskiya abin ya yi kyau. Ƙasarmu ce kamar yadda shaho ke ganinta, gonaki, kwari, tabkuna, garuruwa ɗigo-ɗigo. Kowane ɗayanmu da kalar ɗigonsa, nawa ja. Majo ya tashi da sanda yana nunawa. Ga inda ruwa ke yanke hanya in damina ta yi tsakiya. Garuruwan da ke bayan nan za a kai musu maganin zazzaɓi tun kafin ruwa ya sauka. Nan za a zuba jar ƙasar laterit a hanya. Nan kuma mota ba ta wucewa ko an yi me, don haka za a shirya amalanke a wannan gefe, mota ta jira a wancan. Ya nuna hanyoyi biyu daga cikin nawa ya ce wanda ya zana su ya san aikinsa. Na gyara zama, na ɗan yi tari don a san ni ne.

Sai Malam Habu ya ɗaga hannu.

"Madam, a yi mini haƙuri, idona ba shi da ƙarfi. Ban ga garina ba."

Ta ce, "Yanzu kuwa, ranka ya daɗe." Ta rubuta sunan.

Taswira ta motsa. Maimakon ta yi kudu inda Tsamiyar Kwari take tun kakanni, sai ta taho cikin gari a guje. Ta wuce kasuwa. Ta shigo tasha. Madam ta matso da hoton, ta ƙara matsowa, har rufin rumfar Illo ya fito sarai, da kwanon nan guda da iska ta ɗage. A kansa kuwa ga jajayen ɗigo sun hau juna kamar kashin tumatir.

Madam ta taɓa ɗaya, suna ya fito. Ta taɓa wani, wani suna ya fito. Tana karantawa a hankali, kamar mai karanta takardar likita: gari bakwai, rijiya goma sha ɗaya, lakwal huɗu, foraj biyu. Ƙarƙashin kowane kuma ga sunan wanda ya sa shi, ba sai an tambaya ba.

Ba wanda ya yi dariya tukuna. Masu gari mutane ne masu nauyi, sai da aka ba su dalili. Dalilin kuwa ya zo ta wayar Madam. Wani ne daga Magariya, cikin masu shirin ko-ta-kwana, yana kallon taswirar daga buronsa, kuma muryarsa irin wadda ba ta buƙatar lasifika ce.

"Madam Zuwaira, barka da aiki! Na ga tasharku ta samu ci gaba. Rijiya goma sha ɗaya a rumfa guda! In gobara ta tashi a nan kada ku kira mu, ku kira mai rumfar."

Zaure ya fashe. Wani maigari har rawaninsa ya kwance. Ni kuwa ina kallon takalmina kamar yau na fara ganinsa.

Ban gama shan wannan ba majo ya kai sandarsa kan wani ɗan jan zare da ya fito daga tarin. "Wannan an rubuta hanyar damina ta Tsamiyar Kwari. Bari mu bi ta. Ta tashi daga teburin shayi. Ta tsaya wajen mai ƙosai. Ta zaga bayan katanga." Ya ɗan dakata. "Ta jima a nan."

Wani tsoho daga baya ya ce, "To ai daidai ne, nan ne ruwa ke kwanciya."

Ban san tsawon lokacin da aka yi ana dariya ba. Na dai san na roƙi ƙasa ta tsage, ita kuma siminti ce. Magajin gari ya buga tebur, ya dube ni ya ce, "Malam, me ya faru?"

Na miƙe na ce, "Ranka ya daɗe, baya ne."

"Baya ne ya kai gari bakwai tasha?"

Mutum ɗaya ne a zauren bai yi dariya ba tun farko, Malam Habu. Ya ja carbinsa, ya yi magana ba tare da ya waiwayo ni ba.

"Sauran shidan ban san dalilinsu ba. Nawa dai na sani. Shekara huɗu yana sauke mana baƙi a gindin tsamiya yana juyawa. Mutumin kirki ne, kunya gare shi, kuma mun gode. Sai dai ban san kunyar za ta ɗauke mana garin gaba ɗaya ba."

Wannan ta fi dariyar zafi. Amma wadda ta kwantar da ni ita ce ta majo. Ya ajiye sandar, ya rage murya, ya ce, "Direban motarmu abin da waya ta nuna masa yake bi. In an kira daga Tsamiyar Kwari ana ruwa, nan teburin shayi za ta kawo shi. Kuma kai ka san wadda na ce kada ta jira gida."

Bai faɗi suna ba, Allah ya saka masa. Amma ni na ji sunan har cikin ƙashina.

Na yi ƙoƙarin tsira da ɗan abin da ya rage. Na ce, "In hakan ta faru ai sai a kira ni, ni zan ja motar. Hanyar tana kaina."

Madam Zuwaira ta ce, "In ranar kana Kano sayen taya fa, Malam? In wayarka ba caji? In kai ne a kwance?" Ta cire wayar daga ordinatar ta miƙo mini. "Ranar Juma'a ake rufe lissafin garuruwan da za a yi wa shiri. Wanda ba ya wurinsa a taswira, sai baɗi. Zan goge waɗannan. Kwana uku gare ka."

Ba ta ƙwace wayar ta ba wani ba. Har yau ina tunanin wannan.

Kafin in iso tasha labari ya riga ni (ban san ta wace taswira ya bi ba). Yaran kabu-kabu suka jeru suna ɗaga hannu, "Ranka ya daɗe, sarkin garuruwa bakwai!" Illo ya fito yana goge kofi ya ce, "Dattijo, ashe rijiya goma sha ɗaya gare ni, ka bar ni ina sayen ruwa wajen ƴan garuwa?" Na ce masa shayinsa ma ai ruwan rijiya ne, ba madara. Ba ta yi tasiri ba, wanda aka haska a bango ba ya cin gardama a ranar.

A gida na samu uwar yara tana tsince wake. Na zauna. Ta bari sai da na sha ruwa.

"An ce ka taso da surukanka sun dawo tasha."

Na ajiye moɗar ruwan.

"Da ka gaya mini ai da na aika musu tuwo, tunda sun matso kusa." Ta watsar da tsakuwa, sannan ta ce, ba wasa a muryarta, "Ni dai a kai mota inda yarinyar nan take."

Abin da na koya ba shi da yawa, kuma ban ce zai amfani kowa ba. Kunyar da ka guje wa a gaban mutum biyar ba mutuwa take ba, gaba take yi ta jira ka a gaban mutum hamsin, ta sa a rufe tagogi a haska ta a bango. Na biyu kuma, in mace mai magana a hankali ta faɗi abu sau uku, ka rubuta shi a tafin hannunka.

Washegari ina sallame asuba na tayar da moto. Ban bi ta tasha ba. Na kunna maɓallin hanya tun daga ƙofar likita, inda motar ke kwana, na ɗauki hanyar damina, doguwar, wadda ke bin tudu ta bar kwari a hagu. Inda ruwa ke yankewa na sauka na tsaya na danna. Da na iso gindin tsamiya hannuna da kansa ya so ya juya kan moto, sai da na yi masa faɗa.

Na tsaya a rijiya ta farko na danna. Na tsaya a ta biyu, mai kanwa-kanwa. Na tsaya a lakwal. Sannan na tura moto da hannu har ƙofar gidan maigari, don nan ne kaɗai fili ya isa mota ta juya.

Malam Habu yana kan tabarma. Ya ce, "Maraba, maraba. Daga tasha? Ashe maƙwabta ne."

Na durƙusa muka gaisa. Ba a jima ba na ji motsi a zaure. Ta fito da ƙwaryar fura, tana tafiya a hankali, ta ajiye daga nesa ta durƙusa ta ce, "Baba, ina kwana." Na amsa wa tayar moto cewa lafiya lau, ya gida, ya jiki. Tayar ba ta ce komai ba, ita ta ce alhamdu lillahi.

Na miƙe, na tsaya daidai bakin ƙofar, ƙafafuna biyu a ƙasar Tsamiyar Kwari, na danna kore. Sannan na zauna na shanye furar tas, don saura gari shida kuma rana ta fara ɗagawa.